Na Je Na Ga Inda Tumatirin Rani Ke Shan Ruwa

 Wannan mako ba girki za mu yi ba, ba kuwa zancen reno. Ku ɗauko mayafanku, tafiya za mu yi.

Kowace mace mai shiga madafa ta san wannan: da hunturu ya kankama sai tumatir ya cika kasuwa, ja wur, har mai kashi ya riƙa roƙonki ki ƙara ɗaya ya yi miki gyara. Amma da damina, lokacin da ruwa ke zubowa daga sama kyauta, sai ya yi ɓatan dabo, a koma ga kauɗa da na gwangwani. Abin nan ya daɗe yana ɗaure mini kai. A ƙasar Kano ruwan sama bai wuce na wata huɗu zuwa biyar ba, inci 30 da 'yan kai a shekara in an yi dace, daga Oktoba kuwa har Mayu sai rana da iska da ƙura. To, ina wannan tumatir ya ke shan ruwa? Na sha tambayar masu sayarwa a 'Yan Kaba, amsarsu ɗaya ce, "Daga Kadawa, Hajiya." Shekara da shekaru ina cin Kadawa a miya ban taɓa taka ta ba, alhali kuwa ina da uwa a can.

Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina, wadda aka kai aure wani ƙauye bayan Kadawa tun ban san kaina ba. Mijinta ya rasu shekara shida ke nan. Abin da ya faɗo mata na tumuni, in an haɗa da rabon autanta, bai cika eka ɗaya ba, da shi su ke ci, da shi su ke sutura. Cikin watan Janairu ta aiko a gaya mini in ina son ganin alkama a tsaye in zo yanzu, don ba ta sani ba ko ta bana za ta kai ga lauje. Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ɗaura kaya.

Daga Na'ibawa muka kama hanyar Zariya da hantsi, hazo ya rufe gari. A gadar Tamburawa na leƙa ƙasa, na ga rairayi ya fi ruwa yawa, ga motocin ɗiban yashi sun shiga har tsakiyar kogi. Nan kusa ne kogin Kano da na Calawa su ke gamuwa, nan ne kuma injunan gidan ruwa su ke zuƙo wanda a ke turo mana birni a famfo. Ku riƙe wannan gada a zuci, za mu komo kanta. Bayan gada ba abin gani sai gonakin damina da aka girbe, da tushiyar kara, da kukoki tsirara ba ganye. Ina cikin gyangyaɗi sai na ji wata iska mai ƙanshin danshi ta shigo ta taga. Na buɗe ido, sai ga kore shar, dama da hagun, iyakar ganina. Kai! In ba don rigar sanyin da ke jikina ba, da na rantse cikin Agusta mu ke. A Karfi yara suka yanyame motar da masara, ɗanya da gasassa da dafaffa, ana tsakiyar rani.

Daga Kano zuwa Kura bai wuce mil 20 ba. Garin nan shinkafa ta ci shi: ko'ina inji na ruri, an shanya shanshera bisa tamfol har bakin titi. Abin da ya kamata mu sani shi ne, babban kaso na wannan aiki namu ne, don mata ke turara shinkafar a cikin gida kafin ta je inji. A jiƙa ta ta kwana cikin ruwan ɗumi, a tsame, a turara a rabin ganga har ƙaiƙayin ya tsage, sa'an nan a shanya. Turarin nan shi ke ƙarfafa ƙwayar kada ta kakkarye wajen casa, shi ke kuma kora amfanin da ke jikin dusa ya shige ciki. Sai ki ga mace tana cikin kulle, ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin hanyar ruwan ba, amma da albarkarsa ta ke yi wa 'yarta kayan ɗaki.

Auta ne ya tarye ni a Kadawa da babur. Da ya ke ɗan gwaggo ne, abokin wasana, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Yaya, kin zo ki ga inda a ke shan wahala, ko kya daina taya kwando rabin kuɗi?" Na ce masa ya ja mu tafi, ƙauyanci bai sake shi ba. Ba mu yi nisa ba muka hau wata 'yar gada, na ce ya tsaya. Ga ruwa nan a cikin wata hanya miƙaƙƙiya kamar an ja ta da zare, an daɓe gefenta da siminti, faɗinta ya fi na ɗakina, yana tafiya a hankali ba hayaniya. Kanal su ke ce da ita. Na duba gabas na duba yamma ina neman injin da ke tura shi, ban gani ba. Auta ya yi dariya ya ce ba inji, gangara ce kawai, tun daga Tiga ruwan ke zuwa da ƙafarsa.

Tsayuwar nan da na yi sai ta tuna mini da kakana na wajen uwa, wanda ke da lambu a bakin fadama. Shi da jigo ya ke ban ruwa. Ga waɗanda ba su tarar da shi ba, jigo dogon itace ne da a ke gittawa bisa gwafa biyu a bakin rijiya ko kududdufi, a ɗaura curin laka a gindinsa, a rataya guga ko ƙwarya a kansa. Mutum ya ja igiya ƙasa guga ta nutse, ya saki, nauyin lakar ya ɗago masa ita, ya juye a kwata, ruwa ya bi ya shiga fangali, yaro na can da fartanya yana buɗe wannan yana toshe wancan. Tun asuba har rana ta take, kullum, wata biyar. Duk da haka ƙato guda da ƙyar ya ke shayar da rubu'in eka. Hannun tsohon nan ya yi kanta har ba ya jin ƙaya. Alkamar da a ke yi wa amare alkaki da ita a dā, ta haka aka same ta, shi ya sa ta zama abincin sarakuna da attajirai. Daga shekarun 1980 ƙananan injunan fetur suka kori jigo daga fadamu, su kuma tun da aka janye tallafin mai a 2023 sun zama abin kuka, har wasu sun koma ga gas, wasu ga hasken rana. Ga shi nan kuwa ruwa na wucewa ƙarƙashin ƙafata, ba guga, ba fetur.

Wannan aiki na zamanin Audu Bako ne, Gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. An fara gwaji a nan Kadawa wajen 1970 da ruwan ƙaramar madatsar Bagauda. Aka soma ginin babbar madatsar Tiga a 1971, aka gama a 1974, watau ana cikin gini farin nan na 1973 ya auku, wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga gidajensu, kowa ya ga dalilin tara ruwa da idonsa. Injiniyoyin Holan ne suka zana hanyoyin. Aka karɓi gonakin mutane aka baje su da katafila, aka mayar musu bayan an rage abin da kanal da hanyar mota suka ci. Niyyar kashin farko hekta 22,000 ce, watau eka wajen 54,000, ko da ya ke abin da aka gyara ya daɗe bai wuce hekta 15,000 ba, a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Kogin Hadeja da Jama'are, ɗaya daga hukumomin kogunan da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976.

Tsarin kamar itace ya ke. Akwai uwar kanal, ta rabu biyu, reshen gabas da na yamma. Kowane reshe ya haifi ƙanana, kowace ƙarama da ƙofarta ta ƙarfe mai murɗi, har a zo kan 'yar siririyar hanya ta ƙasa zalla wadda ke bin kan gonaki. Daga wannan manomi ke sha, ba kuwa fasa gefenta ya kamata ya yi ba. Akwai wani guntun bututun roba lanƙwasasshe, saifon, da shi a ke ɗiba. Auta ya nutsa shi cikin ruwa ya cika, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya wurgo shi ƙetaren gefen ya saki, sai ga ruwa na bulbulowa cikin kunya, ba ya tsayawa muddin bakin waje ya fi fuskar ruwan ƙasa. Na ce wannan ai wasan yara ne, ba ni nan. Sau bakwai ina yi iska na shiga, na jiƙe zanena har gwiwa, 'yan matan da ke tsinkar tumatir a gonar kusa suka bar aiki suna ƙyalƙyala dariya. A na takwas ya kama. Ban san ran da na yi murnar abu kamar wannan ba.

Amma wannan wasa a gonar wani muka yi shi, can sama kusa da ƙofa. Gonar Gwaggo ita ce ta biyun ƙarshe a layinsu, inda su ke kira wutsiya. Muna tafiya ruwan hanyar na raguwa, daga gwiwa ya koma idon sawu, daga nan ya zama taɓo, daga taɓo sai busasshiyar laka ta dddare. A nan na iske ta zaune bisa kunya, ta yi tagumi. Bayan mun gaisa ta kama hannuna ta ce, "Zo ki gani, 'yar nan." Alkamar ta kai mini cinya, ta ɗauki ciki tana shirin fid da kai, amma bakin ganyen ya soma naɗewa, launinsa ya yi toka-toka. An shuka ta ƙarshen Nuwamba, don alkama sanyi ta ke so, a yanke ta cikin Maris kafin zafi ya sauko. Ƙa'ida ta sha ruwa kowane mako. Ran nan kwananta goma sha biyu rabonta da shi, kuma ba lokacin da ƙishirwa ta fi yi mata ɓarna kamar wannan, don in kai ya fito a wahale, ƙwayar ba ta cika, sai a yanki tattaka a ce an yi noma. Kuɗin iri da na taki kuwa bashi ne, tunkiyarta biyu ta jingina.

Na tambaya, ruwan ne ya ƙare a Tiga? Auta ya ce in biyo shi. Muka bi hanyar muka koma sama, yana nuna mini. Nan laka ta cike ta, ciyawa ta tsiro a ciki. Nan wani ya datse da buhun ƙasa don ruwa ya taru a gabansa. Nan wani ya ga saifon na ɓata masa lokaci ya sa fartanya ya fasa gefe. Can kuma wani wanda gonarsa ba ta cikin tsarin ma, ya zura mesar inji yana zuƙa. Babban abin kuwa shinkafa ce. Da aka zana hanyoyin nan, alkama da tumatir da irinsu aka yi wa lissafin rani. Yanzu da shinkafa ta yi daraja, na sama sun koma yin ta har da rani, ita kuwa ba shan ruwa ta ke yi ba, kwana ta ke a cikinsa. Abin takaici, mai gonar farko ma ba tsira ya yi ba. Ya cika wa ƙasarsa ruwa har ta gaji, magudanar da za ta kwashe ragowa ta toshe, gefen gonar ya yi fari fat da kanwa, ko ciyawa ba ta fita. Na sama na kashe gonarsa da ƙoshi, ta ƙasa na mutuwa da ƙishirwa, tsakaninsu tafiyar minti goma.

Manoman kowane yanki suna da ƙungiyarsu ta masu shan ruwa, ita ke tsara kwanaki da tara kuɗin ruwa. Da la'asar ran Talata suka zauna gindin wata tsamiya. Mace ba ta zama cikin wannan taro, mace kuma ba ta fita da tsakar dare ta tsare ƙofar ruwa da sanda, ga shi kuwa a nan a ke raba shi. Gwaggo dai tsufa ya ba ta baki. Ta tsaya daga bayan tabarmi, ta yi sallama, ta ce wa shugaban, "Malam, kuɗin ruwan da na biya irin naku ne, ko nawa na jabu ne?" Wuri ya yi tsit. Shugaban ya ce, "Iya, a yi haƙuri, a zauna." Ta ce ba ta zama, alkamarta ma a tsaye ta ke jira. Aka yi ta ja-in-ja har kusan magariba, kana aka yanke: ran Alhamis kowa ya fito gayyar yashe hanya, daren Jumma'a kuma na sama su ɗauke bututunsu, ruwa na 'yan wutsiya ne har gari ya waye.

Kada ku ce yau matan wannan yanki suka fara buɗe baki. A 1978 wata Baturiya mai bincike, sunanta Jackson, ta buga labarin yajin aikin da matan ƙauyukan nan suka yi a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu, suna neman a ƙara musu ladan ƙwadago. Har yau tsinkar tumatir, da dashe, da shiƙa, da kalar alkama bayan an yanke, yawanci hannun tsofaffin mata da 'yan mata ne.

Ran Laraba ba abin yi sai jira, na matsa wa Auta ya kai ni in ga uwar ruwan. Muka nausa kudu, muka wuce ta Bagauda, wadda aka sa wa sunan sarkin Kano na farko. Madatsar nan ta ɓalle cikin Agusta 1988, ruwa ya share ƙauyuka, aka yi hasarar rayuka. Otal ɗin da ke bakinta yanzu makarantar horad da lauyoyi ce. Tiga kuwa, mil 45 ko kusa da haka daga Kano, ba ta misaltuwa sai an gani. Tudu ne na ƙasa da duwatsu da hannun mutum ya tara, tsawonsa ya kusa mil 4, tsayinsa mita 48, watau ƙafa 157. Bayansa ruwa ne har inda ido ya gaza, da tsibiran duwatsu, da masunta cikin kwale-kwale kamar ƙudaje. Sa'ad da aka gina ta an yi mata lissafin kubik mita kusan miliyan 2,000, kowace kubik mita ɗaya kuwa jarka 50 ce mai lita 20, irin ta 'yan garuwa. Na fara lissafi na bari. Ƙarƙashin wannan ruwa akwai kufan ƙauyuka da gonaki da makabartu, don dubban mutane aka tayar kafin a tare kogin.

A bakin ruwa muka zauna wajen wata dattijuwa mai suyar kifi. Na ji harshenta ba na Kano ba ne, na ce, "Iya, daga ina?" Ta ce daga wajen Nguru, ita da maigidanta, masunci ne. Na ce me ya rabo su da gida, nisan duniya haka? Ta juya kifinta ta ce, "Ruwanmu muka biyo, Hajiya. An ce nan aka ajiye shi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, bari kuwa in warware muku ita. Kogin nan in ya wuce Tamburawa sai ya bi ta Wudil ya nufi Hadeja. Daga can ƙasa ta kwanta, sai ya rarrabu ya bazu cikin fadamu har Nguru, ya gamu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijar ta wajen Difa inda a ke noman jan tattasai da shi, ya faɗa tafkin Cadi. A dā kowace shekara cikin Agusta da Satumba ambaliya kan rufe fadamun nan. Mutane su shuka shinkafa kafin ta zo, kifi ya shigo ya yi ƙwai cikin ciyawa, in ruwa ya janye a bi danshi da wake da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu su ci ɗanya har bazara. Ban ruwa ne wanda ba wanda ya haƙa, ba wanda ke biya. Da aka tare Tiga, aka ƙara da madatsar Calawa a 1992, ga kuma farin shekarun 1980, faɗin ambaliyar ya ragu da fiye da rabi a shekaru da dama. Sa'an nan ɗan ruwan da a ke saki da rani ya hana hanyoyin kogin bushewa yadda suka saba, sai wata doguwar ciyawa, kacala, ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyi, ruwa ya kasa wucewa inda a ke jiransa, ya kwanta bisa gonakin da ba a son sa, jan-baki kuma suka samu masauki a cikinta suna cinye hatsi. Cikin shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna, suka tarar in aka bi ruwan mudu-mudu, abin da ya ke haifarwa a fadamun Hadeja da Nguru, na noma da kifi da itace, ya fi abin da ya ke haifarwa a kanal nesa ba kusa ba. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa suka taru a Damaturu suka amince da tsarin rabon ruwa da asusun gyara.

Ni ba na cikin masu cewa da ba a gina Tiga ba. Na ga samarin da dā ci-rani za su tafi suna gida suna aiki, na ga gidajen kwano, na ci masara a Janairu. Amma jiya-jiya na gama zagin mai buhun ƙasa a zuciyata, na ce ba shi da tausayi, ga shi ashe Kadawa ɗungum, har da gonar Gwaggo, bakin ƙofa ta ke, wutsiyar tana Gashuwa. Gadar Tamburawa kuwa da na ce ku riƙe, nan ne bututunmu mu mutanen birni ya ke, ya fi na kowa kauri, ba a kuma taɓa ce mana mu ɗauke shi daren Jumma'a ba. Laifi tudu ne. Na tuna famfon tsakar gidana da ya yi wata uku yana ɗiga, kullum ina cewa gobe a kira mai gyara.

A komowa muka tsaya Kwanar Gafan, babbar kasuwar tumatir da ke bakin titin Zariya. Kwanduna jere kamar an yi gini da su, ana loda manyan motoci masu zuwa Ikko, tafiyar fiye da mil 600 cikin zafi, na ƙasa na matsewa ruwansa na tsiyaya. Masana sun ƙiyasta wajen kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan lalacewa ya ke yi kafin ya kai tukunya. A nan na sami amsar tambayata. Tumatir sanyi da busasshiyar iska ya ke so. Kowa ya dasa lokaci guda, ya nuna lokaci guda, kasuwa ta cika ta batse. Da zafin bazara furensa zubewa ya ke yi, da damina kuma ciwo ya kama shi, gonakin ma an ba shinkafa. A 2016 aka buɗe masana'antar markaɗa tumatir ta Dangote a Kadawa, a shekarar ce kuma wata 'yar tsutsa mai shiga cikin ganye ta cinye gonaki, kwando ya yi tsadar da ba mu manta ba. Wanda bai samu mai saye ba sai a yanka a shanya. Na ga ana zuba shi bisa ƙasa tsirara a bakin hanya, shi ya sa kauɗar kasuwa ke da tsakuwa. In za ku yi taku, ku saya yanzu da ya ke araha, ku yanka biyu, ku shanya bisa asabari ko tabarma mai tsabta a kan rufi, sai ya bushe ƙayau kana ku ɗaure.

Ran Alhamis aka yi gayya. Mutum wajen talatin suka shiga hanya da shebur da lauje, har mai buhun ƙasa, yana ta ɓata rai. Mu kuma muka dama kunu muka aika. Abin da ban so ba shi ne yaran da na gani tsirara suna ninƙaya a wani wuri da ruwa ya kwanta. Irin wannan ruwa mai ciyawa shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsargiya. Ƙwayar ciwon ta fata ta ke shiga, ba sai an sha ba. Uwar da ta ga jini a ƙarshen fitsarin ɗanta kada ta ce alamar girma ce, ta kai shi asibiti, akwai ƙwayar magani, ta kuma hana shi fitsari cikin ruwa, don ta nan ciwon ke komawa ga wasu.

Daren Jumma'a bayan lisha Auta ya ɗauki tocila da fartanya, ya rataya bututu shida a kafaɗa. Gwaggo ta ce ita ma za ta, na ce to ba a bar ni ba. Muka ƙudundune cikin barguna muka zauna bisa kunya, sanyi na ratsa ƙashi. Wasu samari biyu na 'yan wutsiya suka tafi sama su kwana a bakin ƙofa, kada wani ya yi mantuwa da gangan. Ƙarfe goma shiru, sha ɗaya shiru. Gwaggo ba ta ce uffan ba, casbinta kawai na ke ji. Wajen sha biyu da rabi Auta ya haska hanya ya ce, "Inna, ga shi nan." Wani ɗan harshen ruwa ne, bai fi faɗin tafin hannu ba, yana tura kumfa da karmami a gabansa, ya cika wannan tsaga ya wuce ya cika waccan, busasshiyar lakar na ƙara tana sha. Sai da muka ƙara kusan sa'a guda kafin ya taru ya isa kama bututu. Auta ya kafa biyar, ya miƙo mini na shida ya ce, "Yaya, a gwada ilmin birni." Ya kama a karo na biyu.

Kafin kiran assalatu kashi biyu cikin uku na gonar ya sha. Daga nan ruwan ya soma ja da baya, alamar wani can sama ya gaji da jiran gari ya waye. Gwaggo ta bi kunyoyin da suka rage tana taɓa ganyen da hannu, ta ce wa Auta waɗannan su za a fara ba ran Jumma'a mai zuwa. Da hantsi ta ɗaura mini albasa da rabin kwandon tumatir, Auta ya kai ni bakin titi. Ta ce in komo cikin Maris in taya ta shiƙa, in kuma zo da buhuna.